Hawan duwatsun Azbin a ƙafa: tambayoyin da ƴan Maradi ke yi

A fadarmu ta nan Maradi, duk ranar da wani ya nuna hoton Timiya, wani gari mai lambuna a cikin duwatsun Azbin, a wayarsa, tambayoyi kan ɓarke kafin shayi na biyu ya sauka. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Wai a Nijar akwai dutsen da ya isa a ce an hau shi?

Ƙwarai kuwa. Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tudun da ƙafarmu ta sani bai wuce gangaren Gulbi ba, shi ya sa abin ke ba mu mamaki. A jihar Agadas, ƙololuwar tsaunin Bagzan ta kai mita 2,022 sama da teku, kuma babu inda ya fi ta tsayi a ƙasar nan. Gabashin duwatsun Azbin da wani yanki na saharar Tenere kuwa, gwamnati ta keɓe su a 1988 don kare namun daji. Faɗin wurin ya kai kimanin hekta miliyan 7.7. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan nan ta mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya tashi a arewa.

Akwai alamomi a hanya, yadda mutum zai bi shi kaɗai?

A'a, kuma wannan amsa ce na fi so ta shiga kunne. Hanyoyin Azbin ba don ƴan yawon buɗe ido aka yi su ba. Turbobi ne da kofaton jaki da tafin raƙumi suka sassaƙa shekara da shekaru. Ta kansu manoman Bagzan ke sauko da albasa, tafarnuwa da dankalin turawa zuwa Tabelot, ta kansu kuma ayarin Timiya ke fita neman gishirin Bilma, irin wanda kakanninmu ke karɓa su ba da gero. Turba takan bi cikin ƙorama busasshiya, ta haye tsakanin manyan duwatsu, ta rabu biyu ba tare da wata shaida ba sai ɗan tarin tsakuwa da baƙo ba zai lura da shi ba.

Don haka sai da ɗan jagora ɗan ƙasa. Shi ya san rijiyar da ke da ruwa bana da wadda ta ƙafe, shi zai shige gaba a gaida mai gari kafin a yada zango. Yawancin mutanen yankin suna jin Hausa, magana ba za ta yi wuya ba. A biya shi hakkinsa cikakke, ban da ja-in-ja irin na kasuwa.

Wane lokaci ya fi?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara dutse na gasa ƙafa. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan da aka yi can nesa yakan kwararo cikin ƙorama ba zato, ko da sama tana garau a inda kake. Kada a taɓa kwana a cikin ƙorama.

Sanyin kuma ba irin hunturun Maradi ba ne. A saman Bagzan, a watan Janairu, ruwa na iya daskarewa da dare.

Me mutum zai gani da ya kai wannan wahala?

A Timiya akwai ruwa mai zubowa daga kan dutse cikin tafki, ga lambunan lemu, rumman, inabi da dabino a tsakiyar baƙaƙen duwatsu. Wanda ya saba ganin lemu a faranti a bakin tasha, ganinsa a bishiya cikin sahara na sa shi yin shiru. Wajen Iferwan da tsaunin Tamgak akwai zane-zanen mutanen da a jikin dutse: raƙuman dawa, shanu, jiminu, shaidar cewa a da ƙasar tana da ciyawa da ruwa. Mai rabo yana iya hango barewa ko ragon dutse, amma farauta ta rage su sosai. Kada a rubuta suna a kan zanen nan, don Allah. Abin da ya jure dubban shekaru, ƙusa guda na ɓata shi.

Wane kaya zan ɗauka?

Takalmi rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, don sabo yana fidda bororo tun ranar farko. Sai bargo, rawani, tocila, dabino da ƙuli-ƙuli, da ruwa fiye da yadda kake zato. Kaya masu nauyi a bar wa jaki. Kafin tafiya, a yi makonni ana taka ƙasa da asuba har ƙafa ta gasu.

To batun tsaro fa, kuma ta ina ake bi?

Daga Maradi ana bin Damagaram da Tanut zuwa Agadas, ko a zaga ta Ƙonni, Tawa da Abalak. Tsaro ba abin wasa ba ne a arewa: akwai ƴan fashi a wasu hanyoyi, kuma yanayin na sauyawa. Da isa Agadas, a fara zuwa wurin hukuma a tambayi halin da ake ciki, a gaya musu inda za a da ranar komowa. Waya ba ta kamawa a yawancin kwazazzabai, don haka a bar wa na gida lambar ɗan jagora. In jandarmomi suka ce hanyar Timiya ba ta biyuwa a wannan mako, a haƙura a zauna Agadas, a je a ga hasumiyar babban masallaci.