Hayaniya a Asibiti

Hayaniya a asibiti ita ce duk wani sauti da ke damun marar lafiya alhali jinyarsa ba ta buƙace shi ba. Da desibel ake auna ƙarfin sauti: raɗa takan kai kimanin 30, hirar yau da kullum kuwa wajen 60. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999, bai kamata sautin ɗakin kwantar da marasa lafiya ya wuce desibel 30 ba, ƙara mafi tsanani da dare kuma kada ta haura 40. Asibitoci ƙalilan ne a duniya ke iya kiyaye wannan iyaka. Binciken da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 2005 ya nuna hayaniyar rana a asibitoci ta tashi daga kimanin 57 a 1960 zuwa 72, ta dare kuma daga 42 zuwa 60.

Babbar illarta tana kan barci. Wanda ƙara ke farkar da shi akai-akai, bugun zuciyarsa da hawan jininsa sukan ƙaru, tsofaffi da masu jinya a sashen kulawa ta musamman kuma sukan fi saurin ruɗewa. Ma'aikatan jinya ma ba su tsira ba, domin yawan kukan na'urori kan sa kunne ya saba har a yi jinkirin amsa na gaske.

A Sakkwato, zafin Afrilu da kan haura digiri 40 kan tilasta buɗe tagogi, sai ƙarar janareta da hon ɗin 'yan kabu-kabu su shigo har bakin gado. Mafi wuyar sha'ani dai ita ce dubiya. Zumunci ne, kuma addini ya kwaɗaitar da ita, shi ya sa da wuya nas ta sallami dattijon da ya taho daga Gwadabawa da kular kunu. Mutum takwas sukan kewaye gado ɗaya, kowa da nasa "ya jiki?", waya na ringin a aljihu, mai gadon kusa kuma jiya aka yi masa tiyata.

Matakan rage hayaniyar galibi ba su da tsada: tsayar da lokacin ziyara da adadin masu shiga, sa wayoyi a shiru, shafa wa tayoyin gadon tura majinyata mai, da nisanta janareta daga ɗakunan kwanciya ko maye gurbinsa da sola. Wasu asibitocin sukan ware sa'o'in shiru bayan azahar, su rage hasken fitilu, su kuma raba wa majinyata abin toshe kunne da dare.