Waiwaye: Daga ɗakin fatoma zuwa gidan hayar kwana a Bauchi

Saukar baƙo a ci moriyarsa ba yau aka fara ba a ƙasar Bauchi. Tun zamanin fatauci akwai fatoma, wanda ke ba fatake ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya karɓi la'adarsa. Babu lasisi, babu rasit. Mai unguwa ya san shi, shi kuma ya san baƙinsa, in wani abu ya taso an san ƙofar da za a buga.

Maganar takarda ta shigo ne da otal. An buɗe Yankari ga masu yawon buɗe ido a 1962, Bauchi ta zama hedikwatar jiha a 1976, masaukai suka yi ta ƙaruwa. A 1992 gwamnatin soja ta yi dokar hukumar bunƙasa yawon buɗe ido ta ƙasa, ta ba ta ikon yi wa otal-otal rajista da tantance darajarsu. Legas ta ƙi yarda, ta yi nata dokokin, har da harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin ɗaki da na abinci a 2009. Rigimar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2013 ta yanke cewa lasisin otal da kula da shi hurumin jiha ne. Hukuncin bai tsaya a Legas ba. Ma'anarsa, mai masauki a Bauchi gwamnatin jiharsa zai fuskanta, ba Abuja ba.

Haraji kuwa hawa-hawa ya taru. VAT, harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya da hidima, ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5, ya koma 7.5 a 2020. Wata doka ta 1998 ta raba wa matakan gwamnati uku abin da kowa zai karɓa: harajin gini na ƙaramar hukuma ne, rajistar wurin kasuwanci da harajin kuɗin shigar mutum na jiha. Akwai kuma wadda aka fi mantawa, dokar filaye ta 1978. Takardar mallaka tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa, zama ko kasuwanci, kuma sauya shi sai da amincewar hukuma.

Duk waɗannan an rubuta su ne da abu biyu a zuciya: gidan haya na shekara, da otal mai allo a ƙofa. Sai ga na uku ya ɓullo: gidan hayar kwana. Mutum ya gyara gidansa a GRA, ya sa kujeru da na'urar sanyaya ɗaki da sola, ya ɗauki hotuna ya watsa a WhatsApp da Instagram, wani ma har a Airbnb, shafin intanet na neman masauki. 'Yan biki su kama shi kwana uku, ma'aikatan ƙungiyar agaji su kama mako biyu. Mukulli na hannun maigadi, kuɗi ta waya suke shigowa. Mai gidan ya ce haya yake bayarwa, jami'in haraji ya ga zanin gado da mai shara ya ce wannan ai otal ne. Maƙwabta kuma, waɗanda ba a cika tambayarsu ba, su ne ke ganin sabuwar fuska kullum a layinsu ba tare da sanin wanda ya kawo ta ba. Wannan ya fi damuna fiye da kuɗin.

A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, inda naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba su da haraji. Wannan zai sauƙaƙa wa mai ɗaki ɗaya ko biyu, amma bai taɓa batun lasisi ba, domin tun 2013 wannan na hannun jiha. Abin da nake so in gani daga majalisar dokokin Bauchi takarda ce guda da Hausa, wadda za ta faɗi daga kwana nawa haya ke zama masauki, nawa ake biya, a wane ofishi, da wajibcin rubuta sunan kowane baƙo da lambar shaidarsa kafin a miƙa masa mukulli.