Waiwaye: Ruwa, Tururi da Ɓuntu a Masana'antun Shinkafa na Kebbi

A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta yawaita, injinan casa suka biyo baya, har aka buɗe babbar masana'antar WACOT a Argungu a 2017. Rufe iyakoki a 2019 ya ƙara wa shinkafar gida kasuwa. A wancan lokacin damuwar mai inji ita ce buhu nawa ya fitar, ba ruwa ko wutar da buhun ya ci ba. Tsadar gas da ƙarin kuɗin lantarki na Afrilun 2024 ne suka sauya lissafin.

Dabarar rage ɓarna ba sabuwa ba ce. Kamfanin Toyota na Japan ne ya ɓullo da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu: a bi aiki mataki-mataki, duk abin da ba ya ƙara wa kaya daraja a cire shi. A injin shinkafa, wajen gumi, wato jiƙa shanshera da turara ta da busar da ita, ɓarnar ta fi yawa.

A da, a ruwan sanyi ake jiƙa shanshera har kwana biyu ko uku, shi ya sa take wari. Ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 70 yana gama aikin cikin awanni. Idan zafin ya wuce haka, ƙwayar ta fashe ta fara dahuwa tun ba a turara ta ba. Bayan turarawa sai busarwa har danshi ya sauko kashi 14 cikin 100. Nan gaggawa ke cutarwa: a busar a zama ɗaya, ƙwayar ta tsage, ta karye a inji, wutar da aka ƙona ta tafi a banza. Gara a busar, a bar ta ta huta, sannan a ƙarasa.

Ɓuntu kusan kashi 20 ne na nauyin shanshera. Wanda ke tara shi bayan gari, yana kuma sayen itace don tukunyar tururi maimakon ya ƙona ɓuntun, asara biyu yake yi. Amma ɓuntu na da toka sosai. In ba a kwashe ta a kai a kai, wuta ba ta ci. Bututun tururin da ba a naɗe da abin tare zafi ba yana zubar da zafi dare da rana. Tururin da ya koma ruwa a na'urar busarwa kuwa, mai zafi ne kuma mai tsabta, mayar da shi tukunya ya kamata a yi. Ruwan rijiyar burtsatse da ba a tace ba yana barin datti mai tauri a cikin tukunyar, sai ta ƙara cin makamashi.

A ganinmu, sayen sabon inji ba shi ne farko ba. A sa mita a bakin rijiya da allon wuta, a riƙa rubuta litar ruwa da yunit ɗin wuta nawa kowane tan ya ci a kowane zubi. A zaga masana'anta ranar da ba a aiki, a saurari inda iska ke tsiyaya a bututun na'urar tsince baƙin ƙwaya, a ɗaure.