Wanke katanga da intalok da injin feshi: abin da mutane ke yawan tambayata

Ina wannan aikin a Kubwa da Gwarimpa, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, to bari in amsa su a nan.

Injin wankin mota zai iya wanke gida?

Zai iya, ai abu ɗaya ne. Ƙananan na gida irin su Karcher ƙarfinsu yana kai "bar" (ma'aunin ƙarfin harba ruwa) 110 zuwa 150, ya isa intalok da geti da katanga. Abin dubawa shi ne bakin da ka sa masa: ja yana harba ruwa waje ɗaya kamar allura, kar ka kusantar da shi bango, kore da fari su ne masu baza ruwa, da su nake aiki.

Ba zai ɗaye min fenti ba?

Nan ne mutane ke ɓarna wallahi, mutum ya ga datti ya ƙi fita sai ya manna bakin a jikin bango, kafin ya ankara fenti ya tashi har da filasta, musamman in dama akwai tsagewa ko danshi ya taɓa cin wurin. Ka ja baya kamar taku ɗaya, ka fara gwadawa a lungu ta bayan gida inda ba a gani. Kuma ka kauce wa soket da mitar wuta da gefen taga, ruwan yana kutsawa ciki.

Gansakukar nan da ke dawowa duk damina fa?

Feshi sama-sama yake kwashe ta, bai kashe ta ba. Ka surka Hypo da ruwa ka zuba, ka ba shi minti 10 zuwa 15 sannan ka wanke da injin. Don Allah kar a haɗa shi da maganin wanke masai, hayaƙin da yake fitarwa guba ne. In ka gama intalok ka duba tsakaninsu, ruwan ya kwashe yashin da ke riƙe su, a mayar da yashi in ya bushe, in ba haka ba sai su fara motsi in mota ta hau.

Ruwa nawa yake ci?

Lita 6 zuwa 8 a minti, wato awa ɗaya wajen jarka 16 ta lita 25. In ba ka da burtsatse ka yi magana da mai ruwa tun da wuri, don in tanki ya ƙare injin yana aiki, famfonsa ne zai lalace.

Yaushe ya fi?

Ni dai ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke, sai kuma Maris bayan ƙurar hunturu ta lafa.

Akwai haɗari?

Sosai. Ruwan nan yana huda fata, kuma ko raunin ya yi kamar ƙarami a je asibiti nan take. Ba a aikin da silifas, ba a ba yara su yi wasa da shi, kuma kar ka hau tsani da shi, yadda yake turo mutum baya zai iya kayar da kai.