Canza kamannin shafin intanet daga ɓangaren saba

Wannan dabara ce da masu gina shafukan intanet ke amfani da ita, inda saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, ke duba wani sharaɗi tukuna kafin ta turo shafin, sai ta yanke yadda wani abu zai fito, ja ne ko kore, rubutu mai kauri ko siriri. Misali a shafin duba sakamakon jarabawa, idan makin ɗalibi bai kai 40 ba sai layin ya fito ja. Burauzar mai dubawa, wato manhajar da yake buɗe shafin da ita, ba ta ma san an yi wani lissafi ba, ita dai HTML gamamme, rubutun da ake gina shafi da shi, kawai ta karɓa.

Abin ya samo asali ne tun tsakiyar shekarun 1990. Rasmus Lerdorf ya saki PHP a 1995, Microsoft ta kawo ASP a 1996, dukansu kayan aikin da saba ke haɗa shafi da su ne, a Disambar wannan shekarar kuma W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da CSS na farko, wato harshen da ke tsara launi da kamannin shafi. Tun lokacin aka samu hanya biyu. Ta farko mutum ya cusa launin kai tsaye cikin style na abin, wato gurbin salo da ke jikinsa a HTML, ta biyu kuma saba ta liƙa wa abin laƙabi kawai a cikin class, wato gurbin laƙabinsa, kamar "ya-fadi" ko "ya-ci", launin kansa yana can ajiye a fayil ɗin CSS. Ta biyun ce gwanaye suka fi so kuma gaskiya suna da hujja, don ranar da mai shafi ya ce jan nan ya yi yawa a rage shi, layi ɗaya za a taɓa ba sai an bi fayil ashirin ana lalube ba, ga shi kuma shafukan da suka tsaurara tsaro da CSP, wato dokar da shafi ke kafa wa burauza kan abin da za ta yarda ta yi aiki da shi, sukan toshe style ɗin da aka cusa a ciki gaba ɗaya.

Kusan kowane tsarin gina shafuka yana da nasa kayan aikin. ASP.NET na da CssClass, Laravel na da @class, WordPress kuwa body_class() ke zuba laƙabai irin su home da logged-in, ta haka CSS ke iya sauya kamannin shafi ga wanda ya shiga da akawun ɗinsa. Haka idan rubutu na Larabci ne ko Ajami, saba za ta iya saka dir="rtl" komai ya fara daga dama. A da har layukan tebur masu launi bi da bi saba ce ke ƙirga su, da cycle na Django ko Rails, amma da nth-child, umarnin CSS mai ƙirga layuka da kansa, ya zauna a burauzoji, musamman bayan fitowar Internet Explorer 9 a 2011, sai CSS ya karɓe aikin.

Inda sabbin shiga ke yawan faɗawa rami shi ne ɓoyewa. Mutum ya sa display:none a kan maɓallin admin ko wani bayanin sirri ya ɗauka ya kulle, alhali abin yana nan daram cikin shafin, duk wanda ya buɗe tushen shafin zai gani. Abin da ba a so a gani kada a turo shi sam, kamar yadda Visible=false ke yi a ASP.NET. Sai kuma batun ma'ajiyar wucin gadi, idan aka adana shafin da aka tsara wa Audu ana iya miƙa wa Binta shi da launukansa duka. Kuma duk abin da baƙo ya rubuta da hannunsa sai an tace shi, a PHP da htmlspecialchars, kafin ya shiga class.

Saba ba ta ganin faɗin sikirin ɗin waya, ba ta san inda yatsa ya taɓa ba, wannan aikin CSS ne da JavaScript, harshen umarni da ke aiki cikin burauza, bayan shafi ya sauka.