pH ɗin tankin kifin ruwan gishiri ya ƙi tashi, ina matsalar take?

Duk mai kiwon kifin teku ko murjani a tankin gilashi, wata rana sai ya gwada pH ɗin ruwa, wato ma'aunin tsaminsa da lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, ya ga 7.7 hankalinsa ya tashi, ya fara neman hodar da zai zuba. Dakata tukun ɗan'uwa. Yawancin lokaci laifin ba na ruwan ba ne, na iskar ɗakin ne.

Wai nawa ya kamata pH ya kasance?

Ruwan teku na ainihi yana wajen 8.1. A tanki kuwa, daga 7.8 zuwa 8.4 kifi lafiyarsu lau, murjani masu ƙashi ne suka fi jin daɗin 8.1 zuwa 8.3 saboda a nan suke gina ƙashinsu cikin sauƙi. Amma kar ka raina ɗan bambancin lambar, saukar 0.3 kacal na nufin tsamin ruwan ya ninka kusan biyu.

Me ya sa da safe nake ganin 7.9, da yamma 8.2?

Haka abin yake. Da rana fitila na kunne, gansakuka da ƙananan tsirran da ke zaune cikin jikin murjani suna zuƙe iskar CO2, sai pH ya hau. Da dare komai numfashi yake yi yana fitar da ita, sai ya sauka, mafi ƙasa shi ne da asuba kafin a kunna fitila. Shi ya sa in za ka kwatanta jiya da yau, ka gwada a lokaci ɗaya.

To me ke danne shi kullum?

Abu biyu ne ke yanke pH a ruwan gishiri, alkaliniti, wato ƙarfin ruwan na tare tsami, da kuma yawan CO2 da ya narke a ciki. In alkalinitinka yana tsakanin 7 da 11 dKH (ma'aunin da ake auna shi da shi) amma pH na ƙasa, to wallahi CO2 ce. Iskar waje tana da CO2 wajen 420 ppm, wato kashi 420 cikin miliyan, amma ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda AC ko ƙurar hunturu, ga yara ga baƙi ga gas a kunne a kicin, tana iya wuce 1000, kuma skimar tankinka, na'urar da ke tace datti da kumfar iska, wannan iskar take zuƙa dare da rana tana cusa wa ruwan, ita kuma CO2 in ta shiga ruwa tsami take zama.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake so kowa ya yi kafin ya kashe ko sisi. Ɗebi ruwan tankin a kofi, fita da shi tsakar gida, sa masa ɗan famfon iska na awa ɗaya sannan ka auna. In ya tashi a waje amma da ka maimaita a cikin ɗaki bai tashi ba, iskar ɗakin ce. In ya tashi a duka biyun, to tankin ne ba ya samun isasshiyar iska, saman ruwan ba ya motsi yadda ya kamata.

Ya zan gyara?

Buɗe taga, shi ne na farko kuma kyauta. In ba zai yiwu ba, ja siririn tiyo daga bakin iskar skima zuwa waje, amma don Allah nesa da hayaƙin janareta da inda ake fesa maganin sauro, wannan kashe maka kifi zai yi. Akwai kuma gwangwanin da ake cika shi da wani sinadari mai suna soda laim, iska ta bi ta ciki ya tsotse CO2, sai dai yana ƙarewa ana canzawa. Wasu na shuka ciyawar teku irin Chaetomorpha a ƙaramin tankin da ke ƙasa haɗe da babban, su kunna mata fitila da dare lokacin da ta sama ke kashe, ita ke rage faɗuwar asuba.

Hodar ɗaga pH fa, ko kanwa ba za ta yi ba?

Nan ne mutane ke ɓata tanki. Waɗannan hodojin alkaliniti suke ɗagawa, pH ya hau na ɗan lokaci ya koma inda yake tunda CO2 ɗin tana nan, kai kuma ka ƙara zubawa, kafin ka ankara alkaliniti ya haura 13 ko 14, kalsiyam ya fara daskarewa fari fat a jikin hita da famfo, kan murjani ya ƙone. Bekin soda ma ba ya ɗaga pH, da farko ɗan sauke shi yake yi. Kanwa kuwa, gaskiya ne akwai sodiyam kabonet a cikinta, amma haɗe take da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san adadinsu ba, ni ba zan yarda ta kusanci tanki ba.

Kalkwasa da ake ta faɗa fa?

Kalmar Jamusanci ce, kalsiyam haidroksaid ne ake narkawa a tataccen ruwan da na'urar tacewa ta RO ke fitarwa. Wannan yana aiki sosai don yana cinye CO2 kuma ya ƙara kalsiyam da alkaliniti tare. Amma pH ɗinsa ya haura 12, saboda haka ɗigo-ɗigo ake sa shi, ya fi kyau da dare, a maimakon ruwan da ya ƙafe. Ka riƙa auna alkaliniti, kalsiyam ya zauna 400 zuwa 450 ppm, magnesiyam wajen 1300 ppm.

Mitar awon na iya yin ƙarya?

Sosai ma. In ta daɗe ba a saita ta ba za ta nuna maka 7.6 alhali ruwan lafiya yake. Saita ta da ruwan gwaji na 7 da na 10 kafin ka taɓa komai a tankin. Kuma in an ɗauke wuta famfo ya tsaya, pH zai faɗi tare da iskar shaƙa, a ranar ƙaramin famfon iska mai batir ne zai riƙe maka kifin har wuta ta dawo.