Dokar Patriot ta Amurka

Dokar Patriot dokar tsaro ce da Majalisar Dokokin Amurka ta zartar, Shugaba George W. Bush kuma ya sa mata hannu ranar 26 ga Oktoba, 2001, kwana 45 bayan hare-haren 11 ga Satumba da suka halaka mutum 2,977. Ta faɗaɗa ikon hukumomin tsaro wajen sauraron wayoyin mutane, shiga gidaje a asirce, karɓar bayanan mutum daga bankuna da kamfanonin sadarwa, da tsare baƙi. An harhaɗa sunanta ne daga haruffan farko na dogon takenta na Turanci, aka tsara su da gangan domin su ba da kalmar da ke nufin mai kishin ƙasa. Wannan suna kaɗai ya yi aiki a siyasance, domin ɗan majalisar da ya ƙi ta sai ya koma gida ya yi wa masu zaɓensa bayanin dalilin da ya sa ya ƙi "kishin ƙasa".

Yadda aka zartar da ita

Mako guda bayan harin, Antoni Janar John Ashcroft ya kai wa majalisa buƙatun gwamnati, yana matsa lamba a gaggauta. Kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya zauna, 'yan Rifablikan da 'yan Dimokurat suka sassauta wasu sassa, suka amince da nasu daftarin da ƙuri'a 36 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Sai shugabannin majalisar suka ajiye wannan daftari gefe, suka kawo wani da ya fi dacewa da abin da Fadar White House take so. Lokacin kuwa hankalin kowa a tashe yake: an aika wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar cutar antaraks zuwa ofishin jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattawa, Tom Daschle, an rufe wasu gine-ginen ofisoshin majalisa. 'Yan majalisa da dama sun faɗa daga baya cewa ba su karanta shafuka 342 na dokar ba kafin su kaɗa ƙuri'a.

Majalisar Wakilai ta amince da ita ranar 24 ga Oktoba da ƙuri'a 357, masu adawa 66. Cikin masu adawar, 62 'yan Dimokurat ne, uku 'yan Rifablikan, wato Ron Paul da Butch Otter da Bob Ney, sai Bernie Sanders da ba shi da jam'iyya. Kashegari Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 98, mutum ɗaya tak ya ce a'a: Sanata Russ Feingold, ɗan Dimokurat daga jihar Wisconsin. Abin da masu ɗari-ɗari suka iya samu shi ne sharaɗin cewa tanade-tanade 16 za su mutu da kansu a ƙarshen 2005 idan ba a sabunta su ba.

Abin da ke cikinta

Gyara na huɗu na tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana hukuma binciken mutum ko gidansa ko takardunsa sai da izinin alƙali bisa dalili mai ƙarfi. A 1978, bayan kwamitin Sanata Frank Church ya tono yadda FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, da sauran hukumomi suka yi shekaru suna bibiyar 'yan ƙasa, har da Martin Luther King, aka yi dokar FISA, wadda ta kafa kotu ta musamman mai zama a asirce domin ba da izinin leƙen asirin wakilan ƙasashen waje. Dokar Patriot ba ta rushe wannan tsari ba. Sassauta shi ta yi ta gefe-gefe.

Sashe na 215 ya bai wa FBI damar neman umarnin wannan kotu domin karɓar duk wani abu da ke hannun wani kamfani ko hukuma game da mutum: bayanan banki, na asibiti, ko jerin littattafan da ya ara a laburare. Sashe na 206 ya ba da izinin bin mutum da sauraro ko da ya yi ta sauya waya. Sashe na 213 ya halatta shiga gida a yi bincike a fita, sai daga baya a sanar da mai gidan. Sashe na 505 kuwa ya sauƙaƙa amfani da wata takarda da FBI ke rubutawa da kanta, ba tare da sa hannun alƙali ba, tana neman bayanan abokan hulɗar kamfani, tare da hana wanda aka ba takardar faɗa wa kowa. A shekarar 2000 buƙatun irin wannan takarda kusan 8,500 ne. Tsakanin 2003 da 2005 sun kai 143,074, kamar yadda babban mai binciken Ma'aikatar Shari'a ya bayyana a rahotonsa na 2007, inda ya ce an saɓa ƙa'ida a lokuta da yawa.

Shiga gida a asirce ma ya zarce abin da aka ce an yi shi dominsa. A shekarar kuɗi ta 2013 an nemi irin wannan izini sau 11,129, amma 51 ne kawai suka shafi ta'addanci. Mafi yawa shari'un miyagun ƙwayoyi ne.

Akwai abubuwan da ake yawan jingina wa wannan doka alhali ba daga cikinta suka fito ba. Gidan yarin Guantanamo da yaƙin Afganistan sun dogara ne da wani ƙuduri daban na Satumban 2001 da ya ba da izinin amfani da ƙarfin soja, wanda Barbara Lee ta jihar California kaɗai ta ƙi a Majalisar Wakilai.

Labarin lauyan Oregon

Brandon Mayfield lauya ne a yankin Portland na jihar Oregon, tsohon hafsan sojan Amurka da ya musulunta. Bayan harin jiragen ƙasa na birnin Madrid a ranar 11 ga Maris, 2004, masanan FBI suka ce zanen yatsan da aka samu a jikin wata leda mai alaƙa da harin nasa ne. Iyalinsa sun fara ganin alamun da ba su gane ba: su dawo gida su tarar an kulle sakatar da ba sa kullewa, ga sawun takalmi a kan darduma. 'Yan sandan Sifaniya sun shaida wa FBI cewa zanen bai dace ba, amma duk da haka aka kama shi ranar 6 ga Mayu, ya yi mako biyu a tsare, har sai da Sifaniya ta gano cewa yatsan wani ɗan Aljeriya ne. A 2006 gwamnati ta ba shi haƙuri a rubuce tare da diyyar dala miliyan 2. Mai binciken Ma'aikatar Shari'a ya ce ba addininsa ne ya jawo kuskuren farko ba, amma mai yiwuwa shi ya sa ba a sake duba zanen da kyau ba bayan an san ko wane ne shi. Mayfield ɗan ƙasa ne, lauya ne, ya san hanyar kotu. Baƙon da ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, halinsa ya fi haka wuya.

Jam'iyyu da masu zaɓe

Wanda ya ɗauka Rifablikan ce jam'iyyar tsaro, Dimokurat kuma ta 'yanci, tarihin wannan doka zai rikita shi. Gaskiya ne cewa a shekarun farko 'yan Rifablikan ne suka ci ribar batun tsaro. A zaɓen tsakiyar wa'adi na 2002 sun ƙara kujeru a majalisun biyu, abin da ba kasafai jam'iyyar shugaba mai ci take samu ba. A Maris na 2006 aka sabunta dokar, 14 daga cikin tanade-tanade 16 suka zama na dindindin. Barack Obama, wanda ya soki wasu sassanta yana sanata, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da sabuntawar, kuma da ya zama shugaba ya sa hannu aka tsawaita Sashe na 215 da shekara huɗu a 2011.

Masu zaɓe ma haka suka juya. Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Amurkawa a 2006, lokacin Bush, game da sa idon NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, kan wayoyi: kashi 75 cikin 100 na 'yan Rifablikan suka ce babu laifi, 'yan Dimokurat kashi 37. A 2013, lokacin Obama, aka yi makamanciyar tambayar: 'yan Rifablikan suka sauko zuwa kashi 52, 'yan Dimokurat suka haura zuwa 64. Kalmomin tambayoyin biyu ba iri ɗaya ba ne sak, amma inda iska ta kaɗa a fili yake. Yawancin masu zaɓe ba ikon da ke hannun gwamnati suke aunawa ba, wanda ke riƙe da ikon suke dubawa: idan nasu ne su yarda, idan na wasu ne su tsorata. Kuma a ranar zaɓe, tsadar rayuwa da aikin yi da kiwon lafiya da shige da fice sukan sha gaban wannan batu nesa ba kusa ba.

Waɗanda batun ke sauya musu ƙuri'a su ne waɗanda ya taɓa jikinsu. A 2000, gamayyar ƙungiyoyin siyasa na Musulmin Amurka ta mara wa Bush baya, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne yadda ya soki amfani da shaidar sirri kan Larabawan Amurka a muhawara ta biyu da abokin takararsa Al Gore. Shekara huɗu bayan haka mafi rinjayensu suka koma wajen John Kerry, ɗan takarar Dimokurat, duk da cewa shi ma ya kaɗa wa dokar ƙuri'a a 2001. Zaɓi ne na wanda ba shi da mafita ta uku.

Adawar ta kuma haɗa mutanen da ba sa ga-maciji a wasu batutuwa: ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, ma'aikatan laburare, da masu ra'ayin riƙau da ba su yarda da gwamnatin tarayya ba tun asali. Garuruwa da ƙananan hukumomi fiye da 400 sun zartar da ƙudurin suka, haka ma majalisun jihohi takwas, daga Vermont da Hawaii masu karkata ga Dimokurat har Idaho da Alaska na Rifablikan.

Bayan Snowden

A Yunin 2013 jaridar Guardian ta buga takardar da Edward Snowden, wanda ya yi wa NSA aikin kwangila, ya kwarmata: umarnin kotun FISA ga kamfanin wayar tarho na Verizon ya riƙa miƙa wa NSA bayanan kiran duk abokan hulɗarsa kullum, wato wa ya kira wa, yaushe, tsawon minti nawa. A asirce an fassara Sashe na 215 ta yadda ya haɗa da kowa. Jim Sensenbrenner, ɗan Rifablikan da ya gabatar da dokar a 2001, ya fito ya ce ba abin da majalisa ta nufa ke nan ba.

Ranar 24 ga Yuli, Justin Amash na Rifablikan da John Conyers na Dimokurat, dukansu daga Michigan, suka kawo gyaran da zai tsayar da shirin. Ya faɗi da ƙuri'a 205 da 217. Masu goyon bayansa 'yan Dimokurat 111 ne da 'yan Rifablikan 94, yayin da John Boehner da Nancy Pelosi, jagororin ɓangarorin biyu, suka haɗu a sahun masu adawa. A nan ne ainihin tsagar take: tsakanin shugabanni da kwamitocin tsaro na jam'iyyun biyu a gefe guda, da 'yan gefe na hagu da na dama a ɗaya gefen. A Janairun 2014 hukumar sa ido kan sirri da 'yancin jama'a ta gwamnati ta ce ba ta ga ko sau ɗaya da shirin tara bayanan wayar ya kawo wani bambanci na zahiri a binciken ta'addanci ba. A Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa dokar ba ta ba da wannan izini ba, ranar 2 ga Yuni kuma Obama ya sa hannu a dokar USA Freedom, wadda ta bar bayanan a hannun kamfanoni.

Sashe na 215 ya mutu ranar 15 ga Maris, 2020, majalisa ba ta sabunta shi ba. A lokacin 'yan Rifablikan da yawa sun juya wa kotun FISA baya, bayan rahoton Disamban 2019 ya nuna kurakurai 17 a takardun da FBI ta shigar domin sauraron Carter Page, tsohon mai bai wa Donald Trump shawara a yaƙin neman zaɓe. Sauran sassan dokar da aka mayar na dindindin suna nan.

Taƙaddamar ta koma kan Sashe na 702 na dokar FISA, wanda aka ƙara a 2008. Shi ne ke ba da damar tatsar saƙonnin baƙi da ke wajen Amurka ta hannun kamfanonin Amurka ba tare da izinin alƙali kan kowane mutum ba, don haka a ƙa'ida yana iya hawa kan mai amfani da Gmail ko Facebook a Kano ko Maraɗi idan hukumomin suka sa shi cikin waɗanda suke bibiya. Abin da 'yan majalisa suka yi jayayya a kai a Afrilun 2024 bai shafi irin wannan mutum ba. Tambayarsu ita ce ko sai da izinin alƙali za a duba saƙonnin Amurkawan da suka faɗa cikin tarkon. Ƙuri'ar gyaran da ya nemi a sa wannan sharaɗi ta tashi kunnen doki, 212 da 212, ya faɗi, aka tsawaita sashen da shekara biyu.